Amsarka kan zuwa Barbados, ƙanena

Salam ƙanena, naga saƙonka. Kace wani ejan ya gaya maka Barbados, tsibirin nan na yankin Karibiyan, ba a neman biza da fasfon Najeriya, kana so kazo ka duba makaranta, in hali yayi ka samu aiki ka zauna. Toh maganar biza gaskiya ce, amma wannan izinin na ziyara ne kawai. Aiki sai da takardar izini, kuma wanda zai ɗauke ka shi zai nema maka a ofishin shige da fice, karatu kuwa sai makaranta ta baka gurbi sannan ka nemi bizar ɗalibi. Duk wanda yace maka kazo kawai komai zai daidaita wallahi kuɗinka yake so.

Inda mutanenmu suka fi maƙalewa ma hanya ce. Yawancin jiragen ta Landan ko Amurka suke bi, kuma mai fasfon Najeriya ko canjin jirgi kawai zai yi a Landan sai da bizar wucewa, Amurka ma sai da biza, don haka kar ka biya kuɗin tikiti sai ka tabbatar da wannan. Ka riƙe katin rigakafin shawara, tikitin komawa, adireshin masauki da shaidar kuɗin da zai riƙe ka, akwai kuma fom da ake cikewa ta intanet kafin a taso. Jami'in da ke filin jirgin Grantley Adams shi zai yanke kwanakin da zai baka, in bai gamsu ba zai iya juya ka.

Batun kuɗi dan Allah ka natsu ka lissafa. Dalarsu 2 ita ce dalar Amurka 1, haka take a ɗaure tun 1975, kuma tsibirin ƙarami ne, tsawonsa kilomita 34, yawancin abinci ta jirgin ruwa ake shigo da shi shi yasa shinkafa da man girki da madara suke ɗan karen tsada, haya kuwa ita ke karya ɗalibai. Ni kasuwar Cheapside ta Bridgetown nake zuwa sayen doya da dankali da kayan miya, tafi manyan kantuna sauƙi. Kuɗin bas dalarsu 3.50 ne duk inda zaka, akwai shuɗiya ta gwamnati, akwai rawaya, akwai ƙananan farare da ake kira ZR masu gudu da kiɗa, kuma in ka shiga ka gaida mutane, mutanen nan suna jin haushin wanda baya gaisuwa sosai.

Kar ka sako kaya mai zanen kakin soja a jakarka, ko hula ce ko gajeren wando, doka ta hana farar hula sakawa. Wutar lantarkinsu volt 115 ce, soket irin na Amurka, ka duba cajarka.

Addini Alhamdulillah ba matsala, akwai masallacin Juma'a a Kensington New Road da masallacin Madina a Sobers Lane, yawancin jama'ar asalinsu daga Gujarat ta Indiya ne, su zasu nuna maka inda ake samun naman halal. Amma ka dinga tambaya kafin ka ci abu a waje don naman alade yana shiga girkinsu sosai, musamman wani abincin ranar Asabar da suke kira sus. Wanda zaka ji daɗinsa shi ne kuku, garin masara ne ake tuƙawa da kuɓewa kamar tuwonmu, ana ci da kifi.

Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, a 2024 guguwar Beryl ta farfasa kwale-kwalen masunta da yawa. Kar ka shiga teku a gabashi wajen Bathsheba, igiyar ruwan tana jan mutum, kuma bishiyar da ka gani da jan fenti a bakin ruwa kar ka fake ƙarƙashinta ana ruwan sama, ruwanta yana ƙona fata.

In karatun kake so da gaske ka rubuta wa jami'ar West Indies reshen Cave Hill da kanka ba ta hannun ejan ba, ka turo min abinda suka ce maka da kuɗin makarantar mu zauna mu lissafa tare da na haya. Ka gaida su Baba.