Tambayi Likita: Yadda Ake Amfani da Magungunan Tashin Zuciya da Amai

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana karɓar maganin ciwon daji, kuma an rubuta mata ondansetron mai narkewa a baki, amma takan haɗiye shi da ruwa. Ko akwai laifi?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Haɗiyewar ba za ta cutar da ita ba, sai dai an yi wannan ƙwaya ne domin wanda ko kurɓin ruwa yana tayar masa da zuciya. A ɓare takardar da ta rufe ƙwayar da busasshen hannu, kada a danno ta da yatsa kamar Panadol, domin tana da saurin dagargajewa. Sannan a ɗora ta a kan harshe, ta narke cikin daƙiƙoƙi kaɗan, a haɗiye da miyau. Ƙwayar takan zo da ƙarfin miligiram 4 ko 8, kuma ana shan ta kafin a fara saka maganin dajin, domin hana amai ya fi tsayar da shi sauƙi. Ki lura da taurin bayan gida da ciwon kai, ki kuma sanar da likitanta idan tana da ciwon zuciya, saboda maganin yana iya taɓa bugun zuciya. Kada a rikita shi da Buccastem, wani maganin amai na daban, wanda ake maƙalawa tsakanin leɓen sama da dasashi a bar shi ya narke a hankali, ba tauna ba haɗiya.

Tambaya: Na sha metoclopramide, ba a jima ba na yi amai. In ƙara wata ƙwayar?

Amsa: A'a, Malam, ka jira aƙalla sa'o'i 6 ko da ka amayar da ta farko, domin ba ka san yawan abin da jikinka ya riga ya karɓa ba. Babba yakan sha miligiram 10 har sau uku a rana, kuma ba a wuce kwana 5. Ina tsaurarawa a nan ne saboda maganin yana iya sa wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya fito, musamman ga yara da matasa, har 'yan uwa su zaci iskokai ne. Idan haka ta faru, a daina shan sa, a garzaya asibiti, akwai allurar da ke warware shi.

Tambaya: An ba ɗana mai shekara 7 promethazine na sawa ta dubura, amma zafi ya sa ya yi laushi. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, ki mayar da shi firij a cikin takardarsa har ya yi tauri, domin can ne ma'ajiyarsa. Idan ya narke har siffarsa ta ɓaci, ki nemi wani. Wanke hannu, ki kwantar da yaron a gefensa ya naɗe gwiwa ɗaya, ki jiƙa bakin maganin da ruwa, ki tura shi a hankali, sannan ya ci gaba da kwanciya na 'yan mintoci. Zai yi barci, wannan ba abin tsoro ba ne, amma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, tun da maganin amai ba ya mayar da ruwan da jiki ya rasa.

Tambaya: Mota tana sa ni amai, sai likita ya rubuta mini filastar hyoscine.

Amsa: Ka manna ta a bayan kunne, inda babu gashi kuma fata a bushe take, sa'o'i 5 zuwa 6 kafin tafiya, tana aiki har kwana 3. Kada ka yanke ta biyu, kuma ka wanke hannu bayan mannawa, domin idan maganin ya taɓa ido zai sa ka gani dishi-dishi. Mai ciwon hawan ruwan ido (glaucoma) ya fara sanar da likitansa.