Yadda ake yanka babban rukunin adireshin IP

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wurin aiki an ware mana rukunin adireshin IP (lambobin da na'urori ke gane juna da su a kan hanyar sadarwa) 10.20.0.0/16, aka ce in raba shi tsakanin hedikwata da rassa huɗu. Na'urorinmu ba su kai 2,000 ba. In bar kowa a kan /16 ɗin ne, ko in yanka wa kowane reshe daidai yawan na'urorinsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Duka biyun akwai gyara. Idan ka tara kowa wuri ɗaya, duk saƙon cigiya da wata na'ura ta watsa, irin na ARP da na'ura ke neman mai wani adireshi da shi, sai ya isa kunnen kowa, kuma matsalar kwamfuta ɗaya ta shafi sauran. Yanka daidai wa daida kuwa, ranar da reshe ya ƙaro ma'aikata za ka koma sake lambobi daga tushe, aikin da ba wanda ke so.

Lambar da ke bayan alamar / ita ke nuna girman rukuni: in ta ƙaru, rukunin ya ƙanƙance. Abin da ke hannunka adireshi 65,536 ne, daga cikin rukunin 10.0.0.0/8 da takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1918 ta keɓe tun 1996 don amfanin cikin gida. Ba ƙaranci kake fama da shi ba, don haka kada ka yi rowa. Fara rabo da wuri, ba da yawan kwamfuta ba. Idan ka yanka /16 zuwa /20 za ka samu kashi 16, kowanne da adireshi 4,096. Ba hedikwata biyun farko a haɗe, wato 10.20.0.0/19. Reshen farko ya ɗauki 10.20.32.0/20, na biyu 10.20.64.0/20, haka har na huɗu. Ka lura na tsallake kashin 10.20.48.0/20. Da gangan ne, kamar mai yanka fuloti da ke barin fili a gefen kowane gida: in reshen ya girma, sai ka mayar da shi /19 ba tare da taɓa maƙwabcinsa ba.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Kashin /19 dole lambarsa ta uku ta zama 0, 32, 64, 96 da sauransu. Ba a fara shi daga 16 ko 48, komai yawan filin da ke gabansa. Ribar kiyaye wannan iyaka ita ce rautar hedikwata, wato na'urar da ke kai saƙo tsakanin rukunoni, layi ɗaya tak za ta riƙe a jerin hanyoyinta game da kowane reshe, maimakon goma.

Cikin reshe kuma fara da babba. Wi-Fi ya fi kowa ci, tunda mutum ɗaya kan zo da waya da kwamfuta, don haka ba shi 10.20.32.0/22, adireshi 1,022 masu amfani. Ma'aikata su ɗauki 10.20.36.0/24, wato 254, firintoci da kyamarori 10.20.37.0/24, sabar 10.20.38.0/24, kowanne da VLAN ɗinsa, wato keɓaɓɓen ɓangarensa a cikin hanyar sadarwar. Layin da ke haɗa rauta biyu /31 ya ishe shi, ko /30 idan na'urar tsohuwa ce. Ɗebo su duka daga 10.20.255.0/24.

Kafin ka taɓa ko rauta ɗaya, tambayi abokan hulɗar da za ku haɗu da su ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, ko suna amfani da 10.20, domin in lambobinku suka yi karo, sai dai ku koma lallaɓawa da NAT, dabarar musanya adireshi a kan hanya.