Kafin ka sa wa gafakar gidan tarihi basilla

Ka ce wani ya kawo maka tsohuwar gafaka, wai daga gidan tarihi aka aiko shi, kana tambaya ko ka shafa mata mai ta yi laushi, ka sake mata maratayi. Ajiye man nan tukuna, yaro. Wa ya kawo ta? Ka san shi? Ya zo da takarda? Ba ka tambaya ba, na sani. Ku yaran yanzu da kun ji an ce jika kaza sai hankalinku ya tashi.

Irin wannan aikin ne ya ci ni, kuma har gobe in na tuna raina sai ya ɓaci. Wani dillali ya zo mini nan cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da babbar riga da bakin zuma, yana Baba kaza Baba kaza. Ya kwance ƙunshi, sai ga kuben takobi da ɗan ƙirjin doki, jar fatar akuya wadda aka rina da karan dafi, an zana ta da baƙin kuloko. Ɗinkin nan ka rantse ba hannun mutum ba ne. Ya ce na wani ƙaramin gidan tarihi ne a wani gari nan kusa, shugabansu na son a yi irinsu sak, don ƴan lakwal su riƙa taɓa sabon, a ɓoye tsohon. Magana ce mai kan gado, akwai gidajen tarihin da ke yin haka. Ya ajiye ɗan kafin alƙalami, ya ce sauran sai aiki ya ƙare.

Da kuɗina na je majema na zaɓo fata, wadda aka jeme da bagaruwa yadda kakanninmu ke yi. Na ture aikin Sallah gaba ɗaya, masu dawaki suna zuwa suna komawa da fushi. Na ƙirga ɗinkin tsohon nan ɗaya bayan ɗaya na bi shi. Duk Damagaram a lokacin ban ga badukun da zai iya abin da na yi ba, kuma ba cika baki nake ba. Ya zo ya kwashe duka biyu, ya ce gobe da safe kuɗi na tafe. Goben nan har yau ba ta waye ba.

Da na gaji da jira na bi sawu har garin. Na shiga gidan tarihin, ɗaki ne ƙarami, wani dattijo na zagayawa da baƙi. Sai ga aikina a bayan gilashi, an turara shi da hayaƙi, an murje shi da man shanu da ƙasa, ya yi baƙi ƙirin. A gefensa takarda na cewa kayan barden Sarki Tanimu ne, sarkin da ya gina ganuwar Damagaram, ya sa aka ƙera igwa, ya rasu a 1884. Ɗinkina ne, ina da yadda nake ƙulle zare a ƙarshe, ko cikin duhu na san shi. Na gaskiyar ya riga ya bi ƴan kasuwar kayan da zuwa ƙasar waje. Da magana ta fito dillali ya ɓace, sai aka kama mai gadi, bawan Allah mai iyali, wanda laifinsa kawai ya yarda da mutumin da ya ce zai kai gyara. Aikinsa ya tafi. Kuɗina ya yi mini ciwo, amma fuskar mutumin nan ranar da aka karɓe makullai daga hannunsa ta fi tsaya mini a rai.

Mutanen gidan tarihi ba masu kuɗi ba ne. Mai rajista, mai gadi, mai shara, da dattijon da ke ba baƙi labari, albashinsu bai taka kara ya karya ba, amma su ke riƙe da abin da ya rage. Tun da Faransawa suka ci garin nan a 1899 bayan yaƙin Tirmini kayanmu suke fita, har aka ɗauke babban birni aka kai Yamai a 1926, fitar ba ta tsaya ba. Dattijon nan ya ba ni labarin kashe Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, ba tare da ya duba takarda ba. Wane ne cikinku zai iya? Sai dai latsa salula.

To, gafakarka. Kowane abu na gidan tarihi yana da lamba, kuma lambar tana cikin littafinsu. In mai rajista bai zo da ƙafarsa ba, kai ka je ka same shi, a yi aikin a gabansa. Kada ka sa mata man gyaɗa, yana ɓaci, ya jawo ƙura da ƙwari, fatar ta yi baƙi. Ruwa ma kada ya kusance ta. Ka kakkaɓe ƙura da gashin tsuntsu. In ɗinki ya kwance ka bi tsofaffin ramukan, kada ka huda sabo ko ɗaya. Maratayin da ya tsinke ba a yar da shi, a tallafe shi da ƴar fata ta ciki, kuma a rubuta cewa gyara ne. Ka gaya musu su ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, su raba ta da rana, su riƙa dubawa da damina saboda fumfuna. Yadda ake zare da riƙon basilla kuwa, in har yanzu sai na koya maka, to ka koma talla.

Tashi ka nemo mutumin ka tambaye shi lambar. In ya fara kame-kame, ka kulle gafakar a akwati ka kira ni.