Soyayya da aljanu a littafi ɗaya: wanne za a saya, wanne za a bari?

Tambayoyin da suka taru mini wannan makon duk a kan abu guda suke: littattafan matasa da ake haɗa soyayyar zamani da abin al'ajabi a cikinsu. Irin labarin da yarinya ke tafiya lakwal da safe da jakarta da salularta, da magariba kuma ta gane saurayin da ke tsaye ƙarƙashin bedin ƙofar gidansu ba shi da inuwa. Ni ma ina karanta su, ina kuma son su. Gara in faɗa tun farko, kowa ya san bakin da ke ba shi shawara.

"Tanti, shekaruna 16, ina lise. Na tara jikka 15 daga barka da Sallah da ɗan kitson da nake yi. Akwai wani labari na Faransanci mai littafi uku da ƙawayena ke ta zancensa. Yayana da ke Yamai ya ce in aika kuɗi ya saya ya sako mini a kar. In sayi ukun gaba ɗaya?" Ɗaliba daga unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi.

Ƴata, ki sayi na farko kawai. Ko kin so ukun ma, da wuya kuɗin su kai. Littafin Faransa yakan fito sau biyu: da fari babba mai tsada, daga baya a sake buga shi ƙarami, wanda suke kira poche. Babban yakan kai yuro 18 zuwa 20, ƙaramin 8 ko 9. Yuro 1 kusan sefa 656 ne, kuma wannan canjin ba ya motsi. Ke nan, tunda jikka ɗaya sefa 1000 ce, babban kusan jikka 12 zuwa 13 ne, ƙaramin jikka 5 zuwa 6, tun kafin mai shago ya ɗora kuɗin dako da ribarsa. Labarin ɗaya ne, kalma ba ta ragu ba, takardar ce kawai ta fi ƙanƙanta.

Ki ce wa yayanki kafin ya biya ya ɗauko miki hoton bayan littafin. Ki tabbata an rubuta tome 1, wato littafi na farko, don sau da yawa bangon ukun kama ɗaya suke yi. Sannan ki nemi shekarun da aka sa, irin dès 13 ans ko dès 15 ans, wato daga shekara 13 ko 15 zuwa sama. Kalmar romantasy da ake liƙa wa irin waɗannan littattafai yanzu ba ta nufin na matasa ne. Da yawansu na manya ne, da abin da ba za ki so ki karanta a gaban mahaifiyarki ba, alhali bangon furanni ne da takobi kamar sauran.

Dalilina na cewa ɗaya shi ne, a labari mai kashi uku, na biyun yakan zama jan rai: masoyan su rabu a kan rashin fahimtar da magana biyu za ta warware, a cinye shafi 400 a kanta. In na farkon ya kama ki har kin kasa barci, to ku yi adashi. Lokacin da nake koyarwa na ga ƴan mata uku sun yi haka, kowace ta sayi ɗaya. Suka lulluɓe bangon da takardar tsohuwar kalanda, a cikin bangon baya suka rubuta sunayen masu jiran layi da fensir, kowace kwana uku. Kafin ƙarshen shekara sunaye sun cika shafin, littafin ya yi laushi kamar tsohon zane. In kuma kin samu na hannu wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai, ki fara buɗe shafin ƙarshe ki ga yana nan.

"Assalamu alaikum. Ɗiyata tana da shekara 14, bana za ta yi jarrabawar BEPC. Na kama ta cikin dare tana karanta wani labarin Hausa a waya, wai yarinya ce ke soyayya da aljani. Hankalina ya tashi, ina tsoron aƙidarta da tarbiyyarta. Babanta ya ce a karɓe wayar. Ni kuma ina tunanin ko in saya mata wasu littattafan a madadi, amma ban san wane iri ba." Wata uwa daga Bagalam.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana su. Tashin hankalinki yana kan hanya, amma ina ganin ba aljanin ne ya kamata ya fi damun ki ba.

Ki tuna tatsuniyar da aka yi mana a tsakar gida, ta budurwar da ta ce ba ta auren mai tabo. Samarin gari suka zo ta kore su, sai ga baƙo kyakkyawa, jikinsa sumul ba ko ƙwarzane. Ta bi shi, a hanya ya riƙa mayar da abin da ya aro har ainihinsa ya fito. Kowane gida da yadda yake ba da ita, amma duk soyayya ce da wanda ba mutum ba, kuma kakanninmu ne suka ba mu ita da bakinsu. Labarin Bayajidda ma, baƙo ne da maciji a rijiyar Kusugu da sarauniyar Daura da aure a ƙarshe. Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malamin makaranta a Katsina nan kusa da mu, aka buga a 1934, akwai aljanu a cikinsa, kuma an daɗe ana karantar da shi a makarantu. Abin da ya sauya shi ne yanzu budurwar tana da salula, baƙon kuma da mota yake zuwa. Yarinya mai shekara 14 ta san bambancin Suratul Jinn da take karantawa a islamiyya da labarin da wata ta ƙirƙira a ɗakinta. In kin ga alamar ta fara haɗa su, ko labarin yana yabon boka yana nuna shi ne mai biyan buƙata, wannan sai ku zauna da malaminta.

Abin da ni nake dubawa a irin waɗannan labarai shi ne yadda saurayin yake riƙe yarinyar. Akwai su da yawa, na Hausa da na Faransanci, da za ki ga yana bin sawunta, yana bincika wayarta, ya raba ta da ƙawayenta, ya tsorata ta, wani har ya mare ta, marubuciyar kuma ta ce tsananin so ne da kishi. A ƙarshe wai haƙurinta ya gyara shi. Wannan ne ke zama a zuciyar yarinya, don aljani ba za ta gamu da shi a hanyar lakwal ba, amma saurayi mai wannan hali yana nan cikin unguwa. Tatsuniyarmu ta fi su gaskiya, ita ta nuna wa budurwar abin da ke ƙarƙashin kyan. Labari mai kyau a wurina shi ne wanda yarinyar ke da bakin cewa a'a, tana da iyaye ko ƙawa da take komawa gare su, kuma duk wani ƙarfin al'ajabi da aka samu akwai abin da aka biya kafin a same shi.

Na biyu shi ne batsa, kuma a nan waya ta fi takarda haɗari. Wattpad, dandalin karanta labarai a waya da aka kafa a Kanada a 2006, kowa na iya zuba rubutunsa ba tare da wani ya tace ba. Alamar cewa labari na manya ne, marubucin ne ke sa ta da kansa, wani ya sa, wani bai sa ba. Zaurukan WhatsApp kuwa ko wannan babu.

Shawarata kar a karɓe wayar tukuna. In an karɓe, za ta karanta a ta ƙawarta, ke kuma kin rasa sanin me take karantawa. Ki kira ta bayan isha'i, ba da faɗa ba, ki ce ta karanta miki babi ɗaya da ƙarfi kina tsinkar zogale ko kina ninke kaya. Ki saurari inda muryarta ke sauri da inda take tsallakewa, nan za ki san komai. Ki tambaye ta, in ƙanwarta ce wannan saurayin ke nema, za ta yarda? Amsarta za ta ba ki mamaki, don yaran nan suna gani fiye da yadda muke zato. Daga nan ku yi yarjejeniya: ƙarfe 10 waya ta kwana a ɗakinki har a gama jarrabawa. In za ki saya mata na takarda, ku je tare, ta zaɓi uku, ke ki karanta farko da tsakiyar kowanne a tsaye, ki biya ɗaya. Kar ki musanya mata labari da littafin nasiha zalla, za ta ajiye shi ƙarƙashin katifa. Yarinyar da ke karanta shafi 50 a dare don kanta tana da abin da malamai ke nema ido rufe, ban so a kashe mata shi.

"Tanti, ina karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Na biya kuɗi ta hannun ɗan canji na shiga zauren wata marubuciya a Najeriya. Labarin ya kai inda aka sace jarumar zuwa ƙarƙashin ruwa, sai rubutu ya tsaya, wata biyu ke nan shiru. Yanzu wata ƙawata tana turo mini littattafan kuɗi kyauta. In ci gaba da biya, ko in karɓi na kyautar?" Ɗaliba daga unguwar Zariya.

Ƙanwata, na ji zafin nan, don an taɓa bari na a tsakiyar labari haka, har yau ban san ko yarinyar ta fito ba. Amma kafin ki yanke hukunci ki tambaya da ladabi. Yawancin marubutan nan mata ne masu gida da yara, da babban yatsa suke bugawa a waya, haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa na iya tsayar da su. In ta amsa ta ba da rana, ki jira. In ta yi shiru kuma ta buɗe sabon zaure tana karɓar kuɗin wani labarin, kin san wadda ba za ki sake ba kuɗinki ba.

Nan gaba tambaya ɗaya za ki yi kafin ki biya: an kammala? Ki karanta shafukan kyauta da suke fara saki, ki duba ko ta taɓa kai wani labari ƙarshe. Ki tura kuɗin ta lambar da ita kanta ta rubuta a cikin labarin, don akwai masu sa sunan marubuciya su karɓi kuɗin mutane, ki kuma ajiye shaidar biya. In an ba ki zaɓi, ki ɗauki cikakken littafin da zai sauka cikin wayarki. Dandalin OkadaBooks na Najeriya, da marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu a kai, an rufe shi a ƙarshen 2023. Abin da yake zaune a dandalin wani, ranar da ya rufe ƙofa ba ki da ta cewa.

Na kyautar kuwa, ba zan ce miki ki karɓa ba. Wata ta kwana tana rubutu, haƙƙinta ne, kuma kuɗin da take nema sau da yawa bai kai na forfen da za ki sauke shi da shi a mako ba. In kowa ya karanta na sata, mai iya rubutun ce ke fara dainawa.

Akwai wani abu kuma da nake son in sa miki a rai, tunda naki labarin ya tsaya a ƙarƙashin ruwa. Na gaji da karanta aljanun da ke zaune a Abuja da Dubai. Ga tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai kewaye da shi, ga Gulbi da ke bushewa da rani ya cika da damina, ga tsofaffin kukoki da ake hana yara zama ƙarƙashinsu da tsakar rana. Wadda ta tashi a nan ba ta rasa inda za ta ajiye labari. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta gajerun labaran mata ce. Ki gwada.

"Anti, ni ɗan kabu-kabu ne, an sa mini rana bayan Sallah. Wadda zan aura tana son irin waɗannan littattafai, ni kuma ban taɓa karanta ko ɗaya ba. Ina son in yi mata kyauta, wanne zan saya?" Wani saurayi daga Sabon Gari.

Ƙanena, Allah ya sa alheri, ya kai mu ranar. Kar ka yi cinikin duhu, mai karatu ta riga ka sanin abin da take nema. Ka bi ta wurin ƙanwarta ko aminiyarta ka tambayi wane labari take ciki, wane kashi ne ya rage mata, da Hausa take karantawa ko da Faransanci. In a waya take karatu, ƙaramin batirin cajin waya zai fi mata amfani da littafin da ba ta zaɓa ba, musamman da zafi lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa. In na takarda ne, ka rubuta kwanan wata da sunanta a shafin farko da hannunka. Kafin ka kai mata, ka karanta babi biyu a tasha lokacin da kake jiran fasinja, ranar zance ka tambaye ta me ya sa jarumar ta yarda da baƙon.