Ɗaukar Hoto a Cikin Birnin Kano Lokacin Hunturu

Tambaya: Zan je Kano a watan Janairu, ina so in ɗauki hotunan tsohon birni. An ce hazo yana ɓata hoto, ƙura kuma tana lalata kyamara. Me zan yi?

Amsa: Mai tambaya, hazo ba ya hana ɗaukar hoto, abin da ke nesa kawai yake dusashewa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele a Chadi, tana watsa haske, don haka gwargwadon nisan abu da kai, gwargwadon yadda launinsa ke gushewa. Idan ka hau Dutsen Dala ran da hazo ya yi kauri, fari fat za ka samu. Bar Dala sai ranar da gari ya washe.

A ranar hazo, matso kusa. Zankwayen soro, zanen bangon Gidan Makama, hannun mai rini da baba ya rine a marinar Ƙofar Mata, lungunan Kasuwar Kurmi: duk abin da bai wuce taku ashirin ba zai fito tas. Hazon ma taimakonka yake yi a nan, domin yana tausasa rana, inuwa ba ta yin baƙi ƙirin a fuska. A ganina, don hoton mutane da ginin ƙasa, Janairu ya fi Afrilu nesa ba kusa ba.

Farin sama yana ruɗin kyamara. Tana ɗaukarsa haske mai yawa, sai ta rage, bango ya fito da duhu. Ko dai ka rage sama a cikin hoton, ko ka ƙara haske da +0.7 zuwa +1 a ma'aunin hasken kyamara. Daidaiton launi kuma kada ka bar wa kyamara, za ta wanke jan ƙasar ginin. Kafa shi a saitin hasken rana, wajen 5500K a ma'aunin launin haske. Ɗauki da RAW, wato tsarin ajiye ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba. Wajen gyara, ma'aunin rage hazo na manhajar Lightroom kada ya wuce 20 ko 25, in ya wuce sama takan yi dabbare-dabbare.

Ƙura ita ce babbar matsalar. Fita da gilashin kyamara (lens) ɗaya, kada ka canza shi a titi. In ya zama dole, shiga ɗaki ko mota, kashe kyamarar, ka juya bakinta ƙasa. Kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan tana karce shi. Fara hure ta da robar busa iska, sannan ƙyalle mai laushi. Da dare, don gano ko ƙura ta shiga ciki, ɗauki farin bango a f/16, wato ka tsuke kafar shigar haske. Ɗigon da ya tsaya wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Mai waya kuwa ya daina jawo abu da yatsa, ya taka ya matsa.

Rana tana fitowa gab da ƙarfe 7, amma hazo kan riƙe ta, haske mai kyau sai wajen 8 zuwa 10, sai kuma bayan la'asar.

Yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata. A marina akan ba da ɗan abin goro. Fadar Sarki sai da izini, jami'an tsaro da shingayensu kuwa kada ka ko ɗaga musu kyamara.