Na'urar lura da iskar taya: wadda za a saya da wadda za a canza

Tambaya: Ina jigilar masu Umra tsakanin Makka da Madina da tsohuwar mota wadda ba ta zo da na'urar lura da iskar taya ba. Na ga ana sayar da iri biyu, mai ɗaurawa a bakin bawul da mai sakawa cikin taya. Shin abin ya cancanci kuɗina? Wacce zan ɗauka? Daga wani direba a Shara Mansur, Makka.

Amsa: Malam, saya. Mai hawa titin Hijira kullum, tafiyar kilomita fiye da 400 cikin zafin da kan haura digiri 45 a bazara, shi ya fi kowa bukatar wannan na'ura. Taya mai ƙarancin iska gefenta kan riƙa lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwashewar ta haifar da zafi, kwalta ta ƙara nata, har roba ta rabu da wayoyin ciki. Fashewar da muke gani a hanya yawanci daga nan take farawa. Ido kuma ba ya gane tayar da ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na iskarta, balle dukan ƙafa da direbobinmu suka saba yi mata da asuba.

Asalin dokar na'urar ma yana da alaƙa da ƙasar nan. A 1999 kamfanin Ford ya canza tayoyin Firestone na motocin Explorer a Saudiyya saboda suna ɓarewa a zafi. A 2000 matsalar ta fito fili a Amurka, majalisarsu ta yi doka, daga Satumban 2007 kuma kowace sabuwar ƙaramar mota a can dole ta zo da wannan na'ura ta lura da iskar taya, wato TPMS. Turai ta bi sahu a 2014.

Ni ta ciki zan ba ka shawara. Mai ɗaurawa a waje ta fi araha, kai da kanka za ka ɗaura, batirinta ma irin na agogo ne da ake canzawa. Amma tana zaune a rana da ƙura, sai ka kwance ta duk lokacin ƙara iska, kuma tana danne allurar bawul a buɗe, don haka ranar da robarta ta lalace iska ta nan za ta zurare. Ga yaran unguwa da hannunsu ba ya zama. Ta ciki sai mai banshar, wato mai facin taya, ya cire taya ya saka, ya sake daidaita nauyinta, shi ya sa ya fi kyau ka haɗa sayenta da lokacin canjin taya. Ka zaɓi wadda allonta ke nuna lambar kowace taya da zafinta, tana kuma yin ƙarar gargaɗi, domin mai gudun 120 ba shi da lokacin leƙen allo. In allon mai cajin rana ne, kada ka bar shi kan dashbod a fakin da tsakar rana.

Tambaya: Mun sayi mota 'yar Amurka, ƙirar 2015. Fitilar taya kan yi ƙyaftawa na ɗan lokaci in an tayar, sannan ta tsaya a kunne, alhali iska daidai take. Wani ya ce a canza na'urorin duka huɗu, wani ya ce a manna baƙin tef a kan fitilar a huta. Daga wata uwargida a Jidda.

Amsa: Hajiya, mai maganar tef a bar shi da tef ɗinsa. Fitilar tana magana iri biyu. In ta kunna ta tsaya, iska ce ta ragu. In ta yi ƙyaftawa kamar minti ɗaya kafin ta tsaya, na'urar ce ke da matsala, kuma a motar 2015 kusan kullum batiri ne. An rufe shi ruf cikin na'urar, ba a canza shi, yakan yi shekara biyar zuwa goma, zafi kuma na rage masa kwana. A je wurin mai injin gwaji ya karanta kowace taya. In ɗaya ce ta mutu ana iya canza ta ita kaɗai, sai dai tunda sa'annin juna ne, sauran ma suna hanya. Idan tayoyin sun kusa canji, a yi duka lokaci ɗaya a biya kuɗin aiki sau ɗaya.

A kula da abu biyu wajen saye. Yawancin motocin Amurka na wancan lokacin na'urorinsu suna aika saƙo ne ta zangon rediyo na 315 MHz, na Turai kuma 433, wadda ba ta dace ba motar ba za ta ji ta ba. Kuma bayan sakawa sai an yi wa sabuwar rajista a kwamfutar motar. Kada a biya sai fitila ta mutu. Wasu manyan motoci har safaya na da na'ura, a duba ta ita ma.

Sai abin da masu sayarwa ba sa faɗa: a ƙa'idar Amurka fitilar na iya yin shiru har iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tayar da ya kamata ta zauna a maki 32 na ma'aunin iska (PSI) tana iya sauka zuwa 25 fitila ba ta ce uffan ba. Don haka ƙaramin gejin hannu ya zauna a mota, a auna sau ɗaya a wata da sassafe.

Tambaya: Allona kan nuna 38 da rana, alhali 33 na sa. In rage? Daga wani ɗalibi a Ɗa'if.

Amsa: Kada ka rage, ɗan'uwa. Iska kan hau kusan maki ɗaya a duk ƙarin zafi na digiri biyar zuwa shida, masu ƙera taya sun sa wannan a lissafi. In ka sace ta da rana, da asubar Ɗa'if mai sanyi za ka tarar da ita ƙasa da ƙa'ida. Lambar da za ka bi tana kan takardar da ke jikin ƙofar direba, a auna taya tana sanyi; wadda ke rubuce a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce.