Fatawa ga mai gidan kula da maguna: kuɗin karɓa, dandaƙa da zakka

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaciya ce a Abuja. Na ware ɗakuna biyu a bayan gidanmu ina tara magunan da aka yasar: wadda mota ta buge, da 'ya'yan da aka ƙulle a buhu aka jefar a bola. Kullum da asuba ina kwashe yashin da suke kashi a ciki, in wanke kwanuka, in ɗura wa marasa uwa madara da sirinji, sannan in tafi aiki. Wadda ta warke sai in nema mata gida. Mai karɓa yana ba da wani abu don rigakafi da magani, sai wani ɗan'uwa ya ce min kuɗin mage haramun ne. Likitan dabbobi kuma ya ce a dandaƙe muzuraye, a cire wa matan mahaifa. Ya halatta? Zan iya sa zakkata a abincinsu? Yaya hukuncin kayan da nake salla da su? Wasu kuma har gori suke min, wai mutane na kwana da yunwa ni ina ciyar da maguna.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, aikin nan ya halatta, kuma akwai lada a cikinsa in niyya ta gyaru. Da sahabbai suka tambayi Annabi (SAW) ko suna da lada a kan dabbobi, cewa ya yi akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Amma zan fara da abin da ba ki tambaya ba, don ya fi sauran nauyi. Hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda mage, ya fayyace laifinta: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Magen da ke yawo a unguwa, ciyar da ita sadaka ce gare ki. Ranar da kika rufe mata ƙofa kuwa, cinta da shanta sun zama wajibi a wuyanki. Saboda haka kada tausayi ya sa ki karɓi abin da ya fi ƙarfin aljihunki da ɗakunanki. In wuri ya cika, ki ce ya cika. Ki kuma tanadi wanda zai tsaya musu in kin yi tafiya ko kin kwanta ciwo.

Sai batun kuɗi. Ɗan'uwan nan ba da ka ya yi magana ba. A Sahihu Muslim, Abuz Zubair ya tambayi Jabir ɗan Abdullahi game da kuɗin kare da na mage, ya ce Annabi (SAW) ya tsawatar a kan haka. Ibn Hazm ya ɗauki zahirin hadisin ya haramta cinikin, Ibnul Ƙayyim ma can ya karkata a Zadul Ma'ad. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun halatta, kuma masu sharhin Muhtasar na Shehu Halil, a mazhabarmu ta Malikiyya, sun bayyana halaccin sayar da ita don amfanin da take yi, kamar kamun ɓera. Imam Nawawi ya fassara hanin da magen da ba ta da amfani, ko kuma hani ne na karhanci, don mutane su saba da bayar da ita kyauta da aro.

To amma abin da kika kwatanta bai ma kai ga wannan saɓanin ba, muddin kin tsare iyakarsa. Mayar miki da abin da kika kashe a allurar rigakafin haukan kare, da maganin tsutsar ciki, da ladan likita, wannan biyan ɗawainiya ne. Ga yadda za ki gane ko kin zame: idan baƙar magen bola da farar nan mai dogon gashi 'yar ƙasar waje kuɗi ɗaya kika kashe musu, amma kika ce mai son farar ya ninka, to kin shiga ciniki, ko da wane suna kika sa masa. A nan sai in ce ki nisanta, domin hadisin ingantacce ne, fita daga saɓani kuma abin so ne. Ki rubuta abin da kika kashe, ki nuna wa mai karɓa. Talakan da kika ga zai riƙe ta da kyau amma ba shi da abin bayarwa, ki ba shi. Ragin baki ɗaya ne a kwanonki.

Dandaƙa ita ce mas'alar da ta fi bukatar natsuwa. Masu hanawa suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin sa mutane su canza halittar Allah, kuma Shafi'iyya ba su yarda a dandaƙe dabbar da ba a cin namanta ba. Sai dai an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu, wanda ya nuna hanin ba a kan kowace dandaƙa yake ba. Ibn Abi Zaid ya ce a Risala babu laifi a dandaƙe tumaki da awaki don gyaran namansu, an dai hana a kan dawaki. Ke nan hukuncin yana bin maslaha ne. Hanafiyya ma sun ambaci mage da sunanta, suka ce babu laifi in akwai amfani ko kawar da cuta, kuma Shaikh Ibn Usaimin, cikin malaman zamanin nan, ya halatta idan sun yi yawa suna cutarwa, aikin kuma ba zai azabtar da su ba, yana ganin hakan ya fi kashe su.

Mu duba halin da ake ciki. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana 'yar wata biyar ko shida, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana haifar uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a shekara. Ɗaki biyu ba sa ɗaukar wannan lissafi, ƙarshen 'ya'yan kuwa kin riga kin san shi, tunda daga nan kike tsinto su. Don haka abin da nake gani shi ne halacci, da sharaɗi likita ne zai yi, da allurar barci, a kula da ciwon har ya warke. Dandaƙar gargajiya irin ta bunsuru, a danne dabba ido biyu, ba ta halatta a nan ba ko kaɗan.

Zakka kam a'a. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya masu cinta guda takwas, duk mutane ne. Ƙofar da ke buɗe ita ce sadaka da waƙafi, kuma musulmi sun riga ki shiga ta: an hakaito cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wani lambu a Alƙahira waƙafi don ciyar da magunan da ba su da masu su. Abin da mutane suka ba ki da sunan maguna amana ce, kada ya gauraya da kuɗin cefane.

Masu gori kuma, maganarsu tana da gefen gaskiya guda: in akwai wanda ciyar da shi ya wajaba a kanki, kamar iyaye mabukata, shi ne farko. In kin sauke wannan, kin fitar da zakkarki, ragowar dukiyarki ce. Haƙƙin maƙwabta ma yana nan: wari, da kukan dare, da muzurun da ke ɗauke musu 'yan tsaki. In an kawo miki ƙara a kan ɗaya, ki killace shi, ki biya abin da ya ɓata.

Game da tsarki, jikin mage da gashinta da yawunta duk masu tsarki ne. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Fitsarinta da kashinta ne najasa, domin a mazhabarmu ta Malikiyya haka hukuncin dabbar da cin namanta makaruhi ne yake, mage kuwa tana cikinsu. Gashin da ya maƙale a hijabi ba ya ɓata salla. Wurin da fitsari ya taɓa shi za ki wanke, kuma zai fi miki sauƙi ki ware riga guda ta aikin asuba, ki tuɓe ta kafin ki hau sallaya.

Wallahu a'alam.